A Dakata Kafin a Buɗe Ajin Daƙiƙai

Wata al'ada na neman samun gindin zama a makarantun sakandarenmu, kuma da yake ta shigo da kyakkyawar riga, ba kowa ke lura da abin da ta ƙunso ba. Zangon karatu ya ƙare, sai a tattara makin ɗalibai, a zuba a kwamfuta ko a babbar takardar sakamako, a jera su daga na ɗaya har na kashin baya, a ja layi. Duk wanda ya faɗo ƙasan layin an ce zai shiga ajin gyara. Wasu na kiransa ajin cike giɓi, wasu lesin na musamman. Shugaban makaranta ya samu abin nuna wa jami'an shiyya in sun zo duba aiki, mai makarantar kuɗi ya samu abin faɗa wa iyaye ranar taro, kowa na cewa ai yanzu da alƙaluma muke aiki, ba da ka ba.

Ina roƙon duk shugaban makarantar da ke da irin wannan jerin sunaye a aljihun teburinsa da ya dakata. Kada ya liƙa a allon sanarwa, kada ya karanta a taron safe, kada ya tura zauren WhatsApp na iyaye. Yaran na buƙatar taimako, babu mai ja da wannan, har ma fiye da yadda jerin ya nuna. Amma takardar da ke hannunsa ta faɗa masa waɗanda suka faɗi ne kawai, ba ta faɗa masa abin da ya kayar da su ba. Ajin da aka gina a kan irin wannan takarda ba zai gyara kowa ba. Zai ware yaran, ya buga musu tambari, sannu a hankali ya raka su bakin ƙofa.

Giɓin dai akwai shi, kuma mai zurfi ne. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara kusan kashi 89 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Mu nan ba ma sai an kawo mana rahoto ba. Yaran da aka rufe wa makaranta a watan Maris na 2020 saboda korona, lokacin suna ƙananan azuzuwan firamare inda ake haɗa baƙi, su ne yau ke zaune a bencin sakandare. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, jihohi da dama sun sake rufe makarantu, musamman na kwana. Ga kuma ɗabi'ar nan tamu ta ƙara wa kowa aji ƙarshen shekara, ya iya ko bai iya ba, domin akwai wasu a baya suna jiran bencin. Saboda haka malamin da ya ce maka yana da ɗalibi a aji huɗu na sakandare wanda ba ya iya karanta umarnin da ke saman takardar jarrabawa, ba sharri yake yi ba.

To amma mu duba abin da maki yake ɓoyewa. A ce malamin lissafi ya ba da tambaya: ɗan kasuwa na da buhu 503, ya sayar da 278, saura nawa? Amsa 225. Yara huɗu sun faɗi, kowannensu ya samu sifiri. Na farko ya rubuta 375. Wanda ya san aikin, yana gani zai gane abin da ya faru: a kowane layi yaron yana ɗebe ƙaramar lamba daga babba ne, ko tana sama ko tana ƙasa, domin bai taɓa fahimtar aro ba. Ta biyu ta rubuta 235. Ita ta iya aro, sifirin da ke tsakiya ne ya ruɗe ta, kuma minti goma a gaban allo ya ishe ta. Na uku, in ka karanta masa tambayar da Hausa, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa, domin kullum da yamma shi ke ba da canji a shagon babansa. Turancin tambayar ne ya tare masa hanya. Ta huɗu kuwa ba ta ma zo ba ranar, jarrabawar ta faɗo ranar kasuwa ko mahaifiyarta na kwance. A babbar takardar sakamako duk su huɗun abu ɗaya ne, jan biro. In aka kwashe su aka zuba aji ɗaya aka sake maimaita musu darasin da ya wuce, an yi irin aikin mai kemis ɗin da duk wanda ya zo da zafin jiki sai ya miƙa masa farasitamol, ko maleriya ce, ko taifot, ko haƙori ne ya kumbura.

Wannan ma in makin na gaskiya ne ke nan. Mu da muka san ɗakin malamai mun san yadda ake cike gurbin CA, makin nan talatin ko arba'in da ake cewa na auna ɗalibi ne a tsawon zango. Malami na da azuzuwa biyar, kowanne ya haura mutum ɗari, an ce gobe ne ƙarshen miƙa takardu. Wani maki na kwafar rubutu ne daga allo, wanda ba ya nuna komai sai kyawun hannu da mallakar littafi. Wani na zuwa aji ne. Wani na tsintsiyar da aka ce kowa ya kawo ne. Wani kuwa, Allah ya yafe mana, kallon makin jarrabawa ake yi a ƙirƙiro masa ɗan'uwa da zai dace da shi. A ɗakin jarrabawar kanta yara huɗu ne a benci ɗaya, wanda ya zauna kusa da gwani ya haye, wanda ya zauna kusa da taga ya nutse. Shigar da waɗannan lambobi cikin kwamfuta ba ya tsarkake su. Abin da yake yi kawai shi ne ya fito da su a jere da launi, har mutum ya ji kunyar musa su.

Wanda ke ganin lamba ba ta kuskure, ya tuna abin da ya faru a watan Agustan 2025. Hukumar WAEC ta fitar da sakamako ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Aka yi ta jimami, aka zagi yara, aka zagi malamai, aka zagi waya. Kwanaki kaɗan hukumar ta dawo ta ba da haƙuri, ta ce an samu kuskure wajen duba tambayoyin zaɓen amsa na Turanci, adadin ya koma 62.96. Wannan hukuma ce mai ƙwararru da na'urori da shekaru sama da saba'in a kan aikin. Ita ta samu masu ihu har ta sake dubawa. Yarinyar da malamin ajinta ya tsallake layi ɗaya wajen kwafar maki, ya ba ta na wadda ke ƙasanta a rajista, wa zai yi mata ihu?

Sai dai abin da ya fi tayar mini da hankali ba kuskure ba ne, abin da ake yi da gangan ne. Ana auna makaranta da yawan waɗanda suka samu kiredit biyar. Da wannan ake yabon shugabanta, da shi makarantar kuɗi ke buga talla a rediyo. Duk inda aka ɗora mutuncin manya a kan lamba guda, to za su bi lambar, ba yaron ba. An ga haka a Ingila: a littafinsu na shekarar 2000, David Gillborn da Deborah Youdell sun nuna yadda makarantu ke karkatar da ƙarfinsu kan ɗaliban da ke gab da tsallakawa daga D zuwa C, domin su ne za su ɗaga matsayin makaranta a jadawalin da ake wallafawa. A 2005 Jennifer Booher-Jennings ta tarar da irin haka a wata makaranta a jihar Texas ta Amurka, ƙarƙashin dokar ilimi da ta ɗaure makarantu da sakamakon jarrabawa. Malamai sun kasa yara uku: waɗanda za su ci ko ba a taimaka musu ba, waɗanda ke bakin layi, da waɗanda aka fid da rai da su. Kashi na biyu aka ba kulawa. Na uku aka bar wa Allah. Abin takaicin shi ne duk an yi wannan da sunan aiki da bayanai.

Namu bakin layin shi ne tsakanin D7 da C6. Ba sai an koya wa shugaban makaranta wannan lissafi ba, yanayin aikin ne zai koya masa. A Kano, inda gwamnati ke biya wa waɗanda suka ci jarrabawar kwalifayin kuɗin NECO, sakamakon aji biyar ya riga ya raba yara gida biyu tun kafin su shiga ajin ƙarshe. Ba laifi ba ne gwamnati ta tantance wanda za ta kashe wa kuɗi. Laifin yana farawa ne ranar da makaranta ta ɗauki wannan sakamako ta mayar da shi taswirar wanda ya cancanci a koyar da wanda bai cancanta ba. A wasu makarantun kuɗi abin ya fi haka muni. Ana kiran uba a ce masa, cikin ladabi, ai ɗanka gara ya je wani wuri ya yi rajista, ko ya jira jarrabawar 'yan waje, domin kada ya ɓata wa makaranta kashi ɗari bisa ɗarin da take taƙama da shi. Uban ya fita da ɗansa, wani ɗan kwangila na jiransa a bakin titi da labarin wata makarantar ƙauye inda ake rubuta amsa a allo. Haka jerin sunayen da aka ce na gyara ne yake ciyar da kasuwar satar amsa.

Su kuma waɗanda suka rage a ajin gyaran, me ake yi musu? Ku je ku leƙa. Ƙwararren malamin yana can tare da ajin da ake sa ran zai fitar da makaranta kunya. Nan an turo ɗan bautar ƙasa da ya iso makon jiya, wanda sau da yawa ko Hausa ba ya ji, ko ɗalibin koyon aikin malanta da zai tafi bayan 'yan makonni. An sa darasin bayan an tashi, ƙarfe biyu ta wuce, rana ta take, cikin yaro babu komai, Islamiyya na jiransa da la'asar, yarinya kuma gida na jiranta. A makarantar kuɗi an ƙara wa uba kuɗin lesin. Abin da ake koyarwa shi ne abin da aka koyar da safe, da Turancin da ba su gane da safen ba, sai dai a ƙara ɗaga murya. Ko kuma a raba musu tambayoyin shekarun baya su haddace. Yaron da bai san cewa rabi da sulusi ba sa zama biyu bisa biyar ba, an ɗora masa lissafin aljabara na ajin ƙarshe. Babu ranar sake gwaji, babu ƙofar fita. Wanda ya shiga a zangon farko, a nan zai yi kandi, in ya kai.

Da yawa ba sa kaiwa. Sunan da hukumar makaranta ta raɗa wa ajin ba shi ne yara ke kiransa da shi ba. Kafin mako ya zagayo ya zama ajin daƙiƙai, kuma ɗan shekara goma sha biyar ya gwammace a doke shi da a kira shi haka a gaban tsaransa. Zai fara da makara, ya koma fashi, wata rana ka gan shi a gareji ko yana ɗana A Daidaita Sahun yayansa. Ta 'ya mace ta fi sauri. Uban da tun asali da ƙyar aka shawo kansa ya bar ta ta wuce aji uku, yanzu ga takarda da hatimin makaranta tana gaya masa 'yarsa ba ta ja. Me kuma yake jira? Ana kashe maƙudan kuɗi a shirye-shirye irin su AGILE don riƙe 'yan mata a sakandare, sai takarda guda a allon sanarwa ta warware aikin a gidaje ashirin.

Ga kuma yawon da bayanan ke yi. An ɗauki hoton takardar sakamako da waya, ta shiga zauren malamai, daga nan ta faɗa na iyaye, kishiya ta gani, maƙwabci ya gani. Wani kamfanin manhaja ya zo ya ce zai jera wa makaranta sakamako kyauta, aka miƙa masa sunaye da ranakun haihuwa da hotuna da lambobin wayar iyaye, babu wanda ya tambaye shi inda zai ajiye su ko wanda zai sayar wa. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun watan Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita, kuma dokar ta bai wa bayanan yara kariya ta musamman. Ko babu doka ma, raunin karatun yaro amana ce tsakanin malaminsa da iyayensa. A ƙasar da ake bin ɗalibai har ɗakin kwana a sace, jerin sunayen 'yan mata da unguwanninsu ba abin yawo a wayar kowa ba ne.

Kada a fahimce ni a baibai, raba yara bisa matakin iyawarsu ba haramun ba ne. Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer sun gwada hakan a makarantun firamare 121 a yammacin Kenya, suka tarar har na ƙasan ma sun amfana, domin malami ya samu damar yin magana daidai kunnen waɗanda ke gabansa. Amma a can ƙarin malami aka ɗauka aka raba ajin biyu, kuma ƙuri'a aka jefa wajen zaɓar wanda zai riƙe kowane ɓangare, ba a ce na baya su tafi da ragowar ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya kuwa ta shafe shekaru tana tace hanyar da ake kira koyarwa daidai matakin yaro, wadda aka shigo da ita Kano a 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, aka kuma yi aiki da ita a Borno. Gwajinta ba ya kama da jarrabawa. Malami ya zauna da yaro ɗaya, ya miƙa masa takarda guda mai baƙaƙe, da kalmomi, da gajeriyar sadara, da ɗan labari, ya ce karanta mini. Cikin 'yan mintuna ya san inda yaron ya tsaya. Haka a lissafi: gane lamba, tarawa, ɗebewa, rabawa. Sai a haɗa masu matsala iri ɗaya na awa ɗaya ko biyu a rana, sauran lokacin kowa na ajinsa. Bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya wuce ya matsa gaba. Rukunin na wucin gadi ne, kuma nasarar malami ita ce ya ga ya watse.

An tsara wannan don firamare ne, gaskiya, kuma saurayin aji huɗu ba zai yarda a zaunar da shi a tabarma yana rera baƙaƙe ba. Dole a nemo masa abin karatu da ya dace da shekarunsa, labarin ƙwallo, takardar sayen fili, saƙon banki, a kuma fara da Hausar da yake tunani da ita kafin a haura da shi Turanci. Amma tushen bai canza ba, a san takamaiman abin da ya ɓace kafin a fara cikewa. Ko jarrabawar zangon da ta wuce ma za ta iya yin amfani in aka daina kallon jimla. Malami ya ɗauko takardun amsa, ya zana jadawali, sunaye a gefe, lambobin tambayoyi a sama, ya sa alama a duk inda aka faɗi. Aikin yamma ɗaya ne, kuma ba ya buƙatar kwamfuta. A nan zai ga abin da jimla ta rufe. In yara bakwai ne suka faɗi tambaya ta huɗu, su bakwai ɗin ne ke buƙatar zama da shi. In kuwa kusan duk ajin ne suka faɗi tambaya ta tara, to ba yaran ne ke buƙatar gyara ba, darasin ne bai shiga ba, ko ma ba a taɓa koyar da shi ba saboda malamin ya yi wata guda yana bin fayil ɗinsa a ma'aikata. Ina zargin wannan na cikin dalilan da suka sa aka fi son jimla, domin ita yatsanta kullum yaro yake nunawa.

Iyaye da 'yan kwamitin makaranta, ku ne za ku iya taka wa abin burki yanzu, tun ba a saba da shi ba, domin in ya shekara biyu zai zama tsari, kuma wanda ya ja da tsari shi ake kira mai taurin kai. In aka aiko maka cewa an sa ɗanka a ajin gyara, kada ka huce a kansa, kada kuma ka sa hannu a tsaye. Ka je da kanka, ka gaida shugaban makaranta, ka ce: "Ranka ya daɗe, mene ne takamaimai yaron nan bai iya ba? A nuna mini a takardarsa." In amsar ita ce ai ya samu 32 a lissafi, ba a ba ka amsa ba, ka sake tambaya. Ka nemi sanin wane malami ne zai riƙe su, kuma shekara nawa ya yi yana koyarwa. Ka tambaya ko darasin cikin lokacin makaranta ne, da kuma abin da yaron zai rasa a ajinsa sa'ad da yake can. Ka tambayi su wa suka ga jerin sunayen, da kamfanin da aka bai wa. Sannan ka nemi a rubuta maka ranar da za a sake gwada shi, da abin da in ya iya zai koma cikin 'yan'uwansa. In shugaban makaranta ya kasa faɗin wannan rana, ka ce masa da girmamawa a bar maka ɗanka a ajinsa, ka kuma kai maganar gaban kwamiti kafin taronsa na gaba.